BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: NASIHA GA MATASAN BAHINDI KAN GYARAN ƊAKIN AURE

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya san garin Bahindi da sauran garuruwan ƙasar Bagudo, ya san cewa da zarar kaka ta yi, an sheƙe shinkafa an zuba a buhu, to sai ƙarar guduma a kan kwano ta fara tashi a unguwanni. Wannan yana fasa tsohon ɗakin da aka ba shi a gidan mahaifinsa, wancan yana ƙara wa bango tsawo, wani kuma yana sake daɓe, duk saboda an sa rana, amarya tana tafe. Wannan abin farin ciki ne, domin aure sunna ce ta Manzon Allah (SAW), kuma garkuwa ne ga matashi a wannan zamani da fasadi yake bin mutum har cikin aljihunsa. Amma kuma akwai wata cuta da ta shiga cikin wannan alheri, wadda ya kamata a yi magana a kanta tun kafin ta ƙara cin 'yan'uwa. Cutar kuwa ita ce fara aiki babu lissafi, da fifita abin da idon mutane zai gani a kan abin da zai riƙe ɗakin da mutanen cikinsa.

YADDA ABIN KE FARUWA

Matashi zai sayar da amfanin gonarsa ko ya tara abin da ya samu a kamun kifi ko acaɓa ko ɗan fataucin bakin iyaka, ya ga kuɗi a dunƙule a hannunsa, irin wanda bai saba gani ba. Kafin ya kira magini ya tambaye shi buhun siminti nawa aikin zai ci, ya riga ya zaɓi launin fenti, ya yi cinikin tayil, ya ba da kafin alƙalami na labule, domin haka ya gani a ɗakin abokinsa ko a hotunan da ake yaɗawa a waya. Sai aiki ya kai rabi kuɗi ya ƙare. A nan ne za a ce wa kafinta ya mayar da tsohon katakon da gara ta fara ci, a toshe hujin tsohon kwano, a shafe tsagewar bango da filasta a bi da fenti. Ranar kai amarya kowa zai yaba, mata su yi guɗa, abokai su ɗauki hoto. Ruwan farko na damina shi ne zai tona asiri: silin ya jiƙe ya lotsa, sabuwar katifa ta sha ruwa, ango ya tashi tsakar dare yana tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo, ga kuma mai siminti yana sallama a ƙofar gida da asuba.

Wanda ya yi haka ba mugu ba ne, sau da yawa ma mai son addini ne, yana sahun gaba a wajen karatu. Kunya ce ta ja shi, da tsoron kada a ce ɗakin wane ya fi nasa. To amma kunyar da za ta kai mutum ga bashin da ba zai iya biya ba, ba ita ce kunyar da aka ce tana cikin imani ba.

ME YA SA KUƊIN BA YA ISA?

Wajibi ne ɗan'uwa ya san irin ƙasar da yake tsaye a kai kafin ya ɗora tubali. Ƙasar Bagudo tana iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma rayuwar matasa da yawa a wannan yanki ta rataya ne a kan abin da ke shiga da fita ta wajen Tsamiya da Lolo, zuwa kasuwannin Segbana da Malanbil, har Kwatano. Wannan hanya ta samu ba ta hannun talaka, sa hannun mutum ɗaya a Abuja yana iya rufe ta. An gani a watan Agusta 2019 lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, sannan a watan Nuwamba na shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. An sake gani ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mai noman rani da ke ban ruwa da inji ya ji a jikinsa, haka ma ɗan acaɓa.

Sannan ga batun kuɗi. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro a kan farashi tsayayye, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, sefa tashi take yi. Bayan an saki naira a watan Yuni 2023, sefa 1,000 da ake samu a kan naira dubu ɗaya da 'yan kai a farkon shekarar, ta haura naira 2,000 a 2024. Ke nan labule da kafet da kwanuka da duk wani abin da ake haurowa da shi daga Benin ya ninka, alhali buhun da manomi ya noma bai ƙara nauyi ba. Siminti ma da ake yi a nan gida, har da masana'antar Kalambaina da ke Sakkwato, buhunsa da bai kai naira 6,000 ba a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairu 2024, har sai da gwamnati ta kira masu kamfanonin zama.

Ba a kawo waɗannan don a karya wa kowa gwiwa ba. An kawo su ne domin matashi ya gane cewa yana rayuwa a ƙarƙashin tsarin da bai damu da shi ba, tsarin da farashin safe daban na yamma daban. Wanda ya shiga aikin gini a irin wannan hali da ƙiyasin baki kawai, ya miƙa wuyansa ne ga wuƙa.

MA'AUNIN MUSULUNCI

Musulunci bai hana gyara ɗaki ba, kuma bai ce ƙazanta da tarkace su ne zuhudu ba. Abin da ya kawo shi ne ma'auni. A cikin Suratul Furƙan, aya ta 67, Allah Ya siffanta bayinSa na gari da cewa idan za su ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro, suna tsayawa ne a tsakani. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, an haɗa masu almubazzaranci da shaiɗanu a 'yan'uwantaka. A Suratuɗ Ɗalaƙ kuma, aya ta 6 da ta 7, an ɗora wa miji ya zaunar da mace gwargwadon samunsa, mai wadata ya ciyar daidai wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Babu inda aka ce ya ciyar gwargwadon samun maƙwabcinsa.

Idan kuma ana neman abin koyi, to wace amarya ce ta kai Nana Faɗima (RA) daraja? An ruwaito cewa kayan ɗakin da Manzon Allah (SAW) ya yi mata lokacin da za ta tare gidan Sayyidina Ali (RA) ba su wuce mayafi mai kauri da salkar ruwa da matashin kai na fata da aka cusa wa ciyawa ba. Shi kansa shugaban halitta, Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Sayyidina Umar (RA) ya shiga wajensa ya tarar da shatin tabarma a jikinsa, har ya yi kuka da ya tuna irin daular da sarakunan Farisa da Rum suke ciki. Wannan ɗaki mai tabarma shi ne ya girgiza waɗancan fadoji.

Mutanen ƙasar Gwandu kuwa ba sai an kai su nesa ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a shekarar 1807, ana tsakiyar jihadi, ya bar runduna ya kama hanyar gabas da nufin zuwa Makka saboda takaicin yadda ya ga wasu sun juya ga tara abin duniya da ado da neman muƙami. Ya bayyana wannan damuwa a littafinsa Tazyinul Waraƙat, kuma a wannan tafiyar ce mutanen Kano suka tsayar da shi har ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Idan son ƙawa ya iya tsorata irin wannan malami game da mutanen da suka yi hijira suka yi yaƙi, ina ga matashin yau da talla ke bin sa dare da rana?

A RUBUTA KAFIN A FASA BANGO

Mataki na farko shi ne takarda da alƙalami. Ɗan'uwa ya zauna ya rubuta abin da ke hannunsa a zahiri. Alƙawarin da kawu ya yi, da kuɗin da ake bin wani tun bara, da amfanin gonar da ba a girbe ba, duk ba sa shiga wannan lissafi sai ranar da suka zo hannu. Daga cikin abin da ya rubuta, ya fara cire sadaki, ya cire abincin da gidan zai ci har zuwa wata kaka, ya cire iri da taki da kuɗin man ban ruwa. Abin da ya rage shi ne kuɗin gyaran ɗaki. A Suratu Yusuf, daga aya ta 47 zuwa ta 49, an ga yadda Annabi Yusuf (AS) ya tsara wa Masar ajiyar hatsi tun a shekarun yalwa saboda shekarun fari. Mai buɗe rumbunsa ya sayar da komai da kaka, lokacin da kowa ke kai wa kasuwa farashi ya faɗi, shi ne zai dawo da damina yana auna irin wannan hatsin da tsada, ko ya karɓi buhu ɗaya a kan zai biya biyu.

Mataki na biyu, ya zagaya da magini da kafinta su duba ɗakin tun daga tushe har rufi, kuma ya ji bakin mutum biyu ko uku kafin ya tsayar da ɗaya. A rubuta komai da adadinsa: siminti buhu nawa, bulo nawa kuma mai inci 6 ko mai inci 9, yashi, katako, ƙusa, kwano bandir nawa, tare da sanin cewa bandir ɗaya falle 20 ne. A rubuta ladan magini da na lebura da na mai walda, da kuɗin ɗauko kaya daga kasuwa, da na ruwan da za a kwaɓa siminti, domin waɗannan ƙanana su ne suke cinye kuɗi ba a sani ba. Sharaɗin da aka yi da ma'aikaci shi ma a rubuta shi a gaban shaidu, a biya shi kashi-kashi yadda aiki ke tafiya, kuma kada a riƙe masa haƙƙinsa idan ya gama. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mai ganin rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, sai ya sake duba wannan aya.

Mataki na uku shi ne jeranta aiki bisa muhimmanci. Ƙasar Bagudo ƙasa ce da Kogin Kwara ya ratsa, kuma ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa da gidaje a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Kebbi har da Bagudo, ba ta yi nisan da za a manta da ita ba. Saboda haka tushe da rufi su ne farko. A ɗaga daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, a ƙarfafa gindin bango da dutse ko siminti inda ruwa ke kwanciya, a gyara magudana, a sauya duk katakon da gara ta taɓa, sabon kuma a shafe shi da baƙin mai kafin a ɗora kwano. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan wannan sai ƙofa mai ƙwari da taga mai ragar sauro, sai makewayi da katangar da za ta suturta iyali, domin sutura haƙƙin mace ce tun ranar farko. Sannan shimfiɗa da haske. Idan za a sa sola, a fara ƙirga abin da ake bukata, ƙwan fitila da fanka da cajin waya, a saya daidai da su, a kuma tuna cewa batir yana da ranar mutuwa, sai an sake shi. Fenti da tayil da silin na ado su ne ƙarshe, kuma babu laifi su jira wata kakar. Daɓen siminti mai kyau da leda a kai ya ishi sabon gida.

Ga misali, wanda kowa zai daidaita da halin ɗakinsa. A cikin kowace naira 100, a ba jikin gini da rufi 45, ƙofa da taga da makewayi 15, ladan ma'aikata da ɗauko kaya 15, shimfiɗa da haske 10, ado 5, sannan a ɓoye 10 kada a taɓa. Wannan goman ta ƙarshe ita ce maganin tashin farashi da ɓarnar da ba a gani sai an fasa bango. Abin da ba ya lalacewa, irin kwano da ƙusa da ƙofar ƙarfe, ana iya sayensa da kaɗan-kaɗan tun da watanni. Siminti kuwa ba ya son jira, danshi yana daskarar da shi, sai a saye shi dab da aiki a jera a kan katako. A kuma yi aikin da rani, kada a bari sai hadari ya fara haɗuwa a shiga gaggawa, domin mai gaggawa ba ya ciniki.

KAYAN ƊAKI DA IYAYEN AMARYA

A al'adar Hausa ango ne ke gyara ɗaki, iyayen amarya su cika shi da gado da katifa da kujeru da kwanuka. A nan ma akwai gyara, kuma da yawansa a hannun samari yake. Asalin abin da fiƙihun Malikiyya ya ɗora wa amarya shi ne ta yi kayan ɗaki da abin da ta karɓa na sadakinta, abin da ya haura haka al'ada ce ta kawo shi. To ina adalci a ce saurayi ya ba da sadaki kaɗan yana kafa hujja da sunna, sannan ya zuba ido a kawo masa kayan da suka ninka sadakin sau goma, har danginsa mata su je ganin jere suna ƙirga abin da babu? Sunna a wajen bayarwa, al'ada a wajen karɓa? Uba nawa ne ya jinginar da fadamarsa ko ya sayar da shanun hudarsa don kada a yi wa 'yarsa gori? Yarinya nawa ce ta daɗe a gida, ga manemi, amma babu kuɗin gado? Abin ya kai ga a watan Oktoba 2023, da gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 ta hannun Hisba, sai da ta haɗa musu da gado da katifa, domin kowa ya san a nan auren talaka yake maƙalewa.

Ɗan'uwa mai kishin addini shi ya kamata ya aika wa surukansa, ta bakin waliyyinsa kuma cikin ladabi, cewa kada su takura kansu, kuma ya faɗa musu girman ɗakin da faɗin ƙofarsa. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, idan aka sa masa gado mai ƙafa 6 da 6, gadon kaɗai ya ci kashi ɗaya cikin huɗu. A ƙara sif da madubi da jerin kujeru, sai a wayi gari babu inda za a shimfiɗa sallaya, ballantana wurin ajiye littattafai. Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) gargaɗin Manzon Allah (SAW) game da tara shimfiɗun da suka wuce bukatar miji da mata da baƙo. Sannan yawancin kayan ƙyale-ƙyalen da ake yayi da allon garin katako ake yin su, wanda da ya sha danshi sai ya kumbura ya ruɓe. Gadon katako na gaske ko na ƙarfe da kafintan gari ko mai walda zai yi, ya fi dacewa da ƙasar da ruwa ke ziyarta, kuma kuɗin ya zauna a gari.

BASHI DA 'YANCIN MATASHI

Babban abin tsoro a wannan al'amari ya wuce yoyon ɗaki. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yana yawan neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili sai ya nuna cewa wanda bashi ya yi wa katutu yakan faɗa ƙarya da saɓa alƙawari. Ya taɓa ƙin yi wa wani mamaci salla saboda bashin da ke kansa, sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Wannan fa bashin halal ke nan. Ina ga na ruwa, wanda yanzu ake tallarsa ta waya, a ba mutum cikin minti biyar, idan ya makara a bi lambobin abokansa da surukansa ana tozarta shi? Ƙarshen Suratul Baƙara ya yi shelar yaƙi daga Allah da ManzonSa a kan riba. Da wace fuska za a nemi albarka a ɗakin da aka yi wa fenti da ita?

Matashin da bashi ya ɗaure ya rasa 'yancinsa. Zai daina zuwa karatu don gudun haɗuwa da mai binsa. Zai bar amarya wata biyu da tarewa ya tafi cin rani kudu. Zai yarda ya ɗauki kayan da bai san mene ne a ciki ba ya bi da su ta daji da dare. Idan kakar zaɓe ta zo, shi ne ɗan siyasa zai saya da kuɗi kaɗan ya riƙa masa gora. Bakin da ya kamata ya faɗi gaskiya sai ya yi shiru, domin wanda za a faɗa wa gaskiyar shi ne mai bin bashin. Azzalumai ba su da abin da suke so irin al'ummar da matasanta ke bin junansu da kallo suna gasar labule.

ABIN DA YA RAGE GA 'YAN'UWA

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. A cikin 'yan'uwa akwai magina da kafintoci da masu walda da masu haɗa wuta. A farfaɗo da gayya: ranar kwaɓa ƙasa ko ɗora rufin ɗan'uwa, a fito a taya shi, gobe shi ma ya taya wani. A kafa adashi mai tsabta, da rubutu da shaidu, wanda aurensa ya fi kusa ya fara ɗauka. Wanda ya iya lissafi ya zauna da wanda bai iya ba su cika takarda tare. Malamai su sa wannan batu a cikin karatun aure, su yi wa iyaye mata bayani a makarantun Islamiyya, domin a wajensu gorin yake farawa. Abokan ango kuma idan sun shiga ɗakin da babu tayil amma babu bashi, su yi masa barka da zuciya ɗaya, kada a ji wata magana ta fito daga baya.

Allah Ya sauƙaƙe wa matasan Musulmi aure, Ya sanya albarka a cikin kaɗan ɗin da suke da shi, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya tsare al'umma daga riba da riya. Amin.